Rumbu ɗaya, sabar biyu

Mu huɗu ne a shagona nan Maradi. Da jan waya da kafa kamara muka fara, sabar, wato babbar kwamfutar da sauran na'urorin ofis ke dogaro da ita, ta zo daga baya. Aikin da ya fi sa ni tunani bana shi ne na wani Alhaji mai sayar da kaya a sari. Yana da sabar biyu, a cikinsu akwai kwamfutocin manhaja guda shida, waɗanda muke ce wa VM: na lissafi, na kayan sito, na albashi da sauransu. Buƙatarsa ita ce in ɗaya ta mutu, ɗayar ta ɗauki aiki.

Hanyar da aka saba ita ce a sayi akwatin ajiya guda, NAS, a haɗa shi da sabar biyun ta NFS ko iSCSI, hanyoyin da sabar ke kaiwa ga ajiya ta waya, duk VM su zauna cikinsa. Haka na zana masa da farko. Ya duba takardar ya ce, "Malam, wato hatsin gida biyu ka zuba rumbu ɗaya. In gara ta shiga fa?" Na ce, "Gaskiya ne Alhaji, ranar kowa zai kwana da yunwa."

Ni kuma na san garinmu. Zafin Afrilu ya wuce digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, kuran yana ɗaukewa kafin a tayar da gurup. Diski in ya lalace, sai an aika Kano ko Yamai, wani lokaci mako guda ana jira.

Ceph kuwa, mai raba ajiya tsakanin injuna, sai da sabar uku aƙalla, kuɗin bai kai ba.

Sai na sauya zane. Proxmox muka sa, manhajar da ke tafiyar da VM, maimakon takwararta VMware, don tun da kamfanin Broadcom ya sayi VMware a 2023 lasisinsa ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Kowace sabar na ba ta ƙananan SSD biyu, wato diski masu sauri, masu kwafin juna don tsarin kanta, da wasu huɗu, bibbiyu, a kan ZFS, tsarin da ke kula da ajiyar fayil a diski, don VM. Duk minti 15 sabar ɗaya tana tura wa 'yar'uwarta abin da ya sauya, ta waya mai gigabit 10 da na ja kai tsaye tsakaninsu, ba ta bi ta suwic, wato akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutocin ofis, ba. Na gaya wa akawunsa ƙarara: ranar da injin ya mutu, rasit na kwata ɗin awa na iya ɓata, sai ya sake shigarwa daga takarda. Ya ce wannan da sauƙi.

Akwai wani tarko a sabar biyu: kowace tana da ƙuri'a ɗaya wajen yanke wadda za ta ci gaba da aiki, in wayar tsakaninsu ta yanke, babu wadda ke da rinjayen ƙuri'a, sai aiki ya tsaya. Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, na ajiye gefe ta zama ƙuri'a ta uku.

NAS ɗin bai tafi a banza ba. Diski huɗu masu tera 4 kowanne, a RAID 10, inda bibbiyu ke kwafin juna, sun ba da tera 8, nan kwafin kowane dare yake sauka. Na kai shi wani ɗaki daban da ondula tasa, mai riƙe shi in kuran ya ɗauke. Duk Juma'a yarona yana kwafe shi a diski na hannu, Alhaji ya tafi da shi gida.

Abin da muka fi jayayya a kai shi ne fili. Na hana a cika ZFS fiye da kashi 80 cikin ɗari, don yana nauyi in ya cika. Alhaji ya ce kuɗin diski duka ya biya. Har yanzu in na je duba injunan sai ya tambaye ni kashi 20 ɗinsa.