Soket ɗin da yake aiki shi ne yake kashe sauran

Soket uku ne a gidana suke ɗauke wuta su dawo da ita da kansu, biyu a ɗakin girki, ɗaya a barandar da ke bayansa, alhali fitilun gidan suna ci, sauran ɗakuna kuma ba su san ana yi ba. Wani lokaci wutar takan tafi na daƙiƙa kaɗan, wani lokaci ta yi rabin yini ba ta dawo ba, kuma ko sau ɗaya birekar da ke akwatin rarraba wuta, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, ba ta taɓa faɗuwa ba. Wannan shirun na bireka shi ya fi komai yaudarar duk wanda ya duba matsalar, domin kowa yana ɗauka cewa tun da ba ta faɗi ba, to babu haɗari.

Mai gyaran wutar da na kira ya zo a daidai lokacin da wutar ta dawo. Ya zura tasta a kowane soket, ta kama, ya auna da mita ya ga bolt 230, sai ya yanke hukunci cewa soket ɗin ne suka tsufa. Ya canza duka ukun. Da matsalar ta dawo, ya sake zuwa ya ce bireka ce ta gaji, ita ma ya canza ta. Har yanzu idan na tuna raina yana sosuwa, ba don kuɗin kayan ba, sai don a duk tsawon lokacin nan akwai waya da take ƙonewa a cikin bango, mu kuwa muna ta canza abubuwan da lafiyarsu ƙalau. A tsakanin zuwansa na biyu da ranar da aka gano gaskiya ne firijina ya lalace. Injin firij ba ya son a yanke masa wuta a dawo da ita nan take, domin yana bukatar 'yan mintuna kafin matsin iskar da ke cikinsa ya sauka ya iya tashi cikin sauƙi, shi kuwa nawa ana yi masa haka sau da yawa a yini, har ɗan abin da ke tayar da injin ya ƙone.

Daga nan na daina jiran kowa, na fara lura da lokacin da wutar take tafiya. Abin da na gani shi ne ba ta cika ɗaukewa idan cajar waya ce kawai a jone ba, amma da an kunna butar dafa ruwa ko dutsen guga, bayan 'yan mintuna sai ta tafi, kuma ba ta dawowa sai an bar layin ya huta. Wannan ya nuna mini cewa zafi ne yake yanke ta, sanyi kuma yake dawo da ita. Don haka na kunna butar da gangan, na jira ta mutu, na bar ta a jone da makunninta a kunne, sannan na ɗauki mita na auna soket ɗin da ke kusa da ita. Tsakanin layif, wato wayar da ke kawo wuta, da wayar ƙasa ta kariya akwai bolt 230 cif. Tsakanin layif da nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, kusan babu komai. Tsakanin nutiral da wayar ƙasa, inda bai kamata a ga wani abin kirki ba, sai ga kusan bolt 230. Na zura tasta a ramin nutiral, ta kama kamar yadda take kamawa a ramin layif.

Ma'anar wannan ita ce wuta tana isowa, hanyar komawarta ce ta yanke. Wutar tana shiga ta layif, ta ratsa cikin butar, ta fito ta nutiral, sai ta tarar da hanya a katse ta tsaya a nan, shi ya sa wayar da ake ɗauka ba ta da haɗari ta zama mai iya jan mutum. Soket ɗin da kowa a gidan yake kira matacce, a gaskiya ramukansa biyu duk a cike suke da wuta. Wannan ya tsorata ni ƙwarai, musamman da na tuna cewa akwai yara a gidan da suka ji ana cewa babu wuta a wurin.

A nan ne na fahimci dalilin da ya sa tasta da mita suka yaudari mai gyaran. Tasta ba ta san komai game da nutiral ba, aikinta kawai ta nuna akwai wuta a wurin da aka ɗora ta. Mitar dijital kuwa wutar da take ja don yin awo ƙanƙanuwa ce ƙwarai, saboda haka ko da silin waya ɗaya ne ya rage yana taɓa ɗan'uwansa, za ta nuna bolt 230 kamar komai lafiya. Sai an ɗora wa layin kaya mai nauyi sannan raunin yake bayyana. Buta mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9, kuma idan mahaɗar da ta yi sako-sako tana da turjiyar om ɗaya tak (om shi ne ma'aunin yadda wuri yake tare wa wuta hanya), to zafin kusan wat 80 ne yake taruwa a wurin da bai fi kan sukuru girma ba. Jan ƙarfe yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, kowane zagaye yana ƙara sassauta ɗaurin, samansa yana yin baƙi, baƙin kuma yana ƙara turjiya, turjiyar tana ƙara zafi. Ita kuwa bireka an yi ta ne don ta faɗi idan wutar da ke bi ta cikinta ta wuce ƙima, kuma sako-sakon waya ba ya ƙara yawan wutar, ragewa ma yake yi. Ko na'urar da ke yanke wuta idan ta tsiyaya zuwa ƙasa, wadda galibi take faɗuwa a mili-amfiya 30, ba za ta ga irin wannan ba matuƙar wutar ba ta sami hanyar zuwa ƙasa ba.

Saura neman wurin da ya yanke. Tun da soket ukun nan sabbi ne kuma ɗaurinsu yana nan tamau, dole laifin yana tsakaninsu da akwatin rarraba wuta. Ba kowane soket ne yake da wayarsa daga akwatin rarraba wuta ba. A irin wayarin gidana waya tana fitowa daga bireka ta shiga na farko, daga shi ta wuce na biyu, haka har na ƙarshe, kamar sarƙa. Na kashe birekar layin, na zagaya gidan da fitila mai filogi ina gwada kowane soket don in san waɗanda suke kan layi ɗaya. Sai ga wani na huɗu ya mutu tare da su, a ɗakin kwana, bayan kabad ɗin kaya, jikin bangon da ya raba ɗakin da ɗakin girki. Fanka ce kawai a jone da shi, kuma bai taɓa ɗaukewa ba ko sau ɗaya, shi ya sa babu wanda ya yi tunanin buɗe shi.

Na kashe babban makunnin gidan, na gwada mitata a kan batir don in tabbata tana aiki, na auna duka ramuka ukun na ga babu komai, sannan na kwance shi. Tun kafin ya gama fitowa ƙaurin roba ya buge ni. Wayoyin nutiral biyu ne a rami ɗaya, mai shigowa da mai wucewa. Sukurun ya danne mai shigowa sosai, shi ya sa soket ɗin kansa yake aiki lafiya, amma mai wucewa tana gefe ne kawai tana jingine, ba abin da ya riƙe ta. Da na taɓa ta sai ta fito a hannuna. Shuɗiyar robarta ta koma baƙa ta ƙeƙashe har tsawon ɗan yatsa, bayan soket ɗin ya narke ya yi rami, kuma bayan kabad ɗin katako yana manne da fuskarsa. Na daɗe ina kallon wannan wayar, ina lissafin dararen da muka kwana a ɗakin tana yin tartsatsi a bayan kayan sawarmu.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Abin da zan jaddada shi ne ba a mayar da wayar da ta ƙone a ƙara ɗaure ta. Sai an yanke ta har inda jan ƙarfen yake sheƙi kuma robar take da laushi, a kuma jefar da soket ɗin, domin ƙarfen da ya sha irin wannan zafi ba ya sake riƙe waya yadda ya kamata. Bayan na ɗaure, na ja kowace waya ita kaɗai da hannu, tun da riƙon ɗaya ba ya nuna riƙon ɗayar, kuma wannan jan na daƙiƙa biyu shi ne abin da wanda ya yi wayarin tun farko bai yi ba. Na mayar da wuta, na kunna butar da dutsen guga tare, na bar su suna aiki, ina taɓa fuskar soket ɗin lokaci zuwa lokaci, ya ci gaba da zama da sanyinsa.

Duk wanda wasu soket ɗinsa suke ɗaukewa su dawo alhali bireka tana tsaye, shawarata ita ce ya kashe layin nan ya daina amfani da shi har sai an gano wurin, kada ya jira matsalar ta ƙara tsananta. Idan zai kira mai gyara, ya gaya masa abin da ake kunnawa kafin wutar ta tafi, ya nace a yi awon da kaya a jone, kuma a buɗe soket na ƙarshe da yake aiki a kan layin tare da na farkon da ya mutu, domin a ɗayan biyun nan laifin yakan kasance. Wanda bai saba da mita ba kada ya buɗe komai da kansa. Idan kuwa matsalar ta gidan gaba ɗaya ce, wasu fitilu suna dushewa wasu suna ƙara haske fiye da kima, to mai yiwuwa nutiral ɗin babban layi ne ya yi sako-sako, wanda a gida mai layi uku yana iya tura wutar da ta doshi bolt 400 cikin kayan da aka yi don 230. Wannan ba aikin sukudireba ba ne, a kashe babban makunni nan take a kira kamfanin da ke ba da wutar.