Daga Maraɗi zuwa Gidan Rumji da masu aikin sulhu

A ƙarshen kaka, lokacin da makiyaya ke gangarowa daga arewacin Dakwaro suna jiran a saki gonaki, na bi ayarin wata ƙungiyar ƙasashen waje mai aikin wanzar da zaman lafiya zuwa Gidan Rumji. Ba mu wuce Tibirin Gobir ba direba ya ɗauko zancen Toda, inda a 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. A wannan yanki duk maganar sulhu daga can take farawa, ko da ba a ambaci sunan garin ba.

A gefen hanya mun ga turakun siminti da suka shata burtali, kuma gaskiya ce a faɗa, kuɗin waje ya taimaka wajen kafa irinsu. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ita ta tanadi kwamitocin filaye, amma kwamitin da ba shi da man babur ba ya zuwa ganin ɓarnar gona.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabon aiki a wajen taron sulhun da muka je. Baƙi sun zo da tsarinsu a rubuce cikin Faransanci, tafinta na binsu a guje, su kuwa 'yan ƙungiyar gida, waɗanda suka san wanda ke gaba da wane tun kakanni, an bar musu tara jama'a, jera kujeru da raba kuɗin mota. Wata Hajiya mai jagorantar mata ta shaida mini cewa tun 2019, da 'yan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, su ne ke raba faɗan bakin rijiya, amma ba a taɓa tuntuɓarsu kafin a rubuta shiri ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 tallafi ya ja baya, wasu ofisoshi suka rufe, inda suka rufe kuwa aikin ya koma hannun 'yan gida kacokan.

Da aka tashi cin abinci, wani arɗo ya durƙusa gaban mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar waken nan fa?" Nan take suka sa ranar kasuwa don a kimanta ɓarnar a biya. Jami'in da ke rubuta rahoto yana ciki yana ƙirga sa hannu, domin sai an cika takarda ake sakin kuɗin zango na gaba.