Ranar Horon Gobara, Kada Ku Sa Hannu Ku Sulale

Ƙannena da kuka fara aiki kwanan nan, idan aka ce gobe akwai horon kariya daga gobara kuma dole kowa ya halarta, ku je ku zauna har a tashi. Ni a farkon aikina sa hannu kawai nake yi a takarda in sulale, wai ai kowa ya san maganin wuta ruwa ne.

Ranar da soket ya kama a ɗakin ajiyarmu, bokitin ruwa na ruga ɗauka. Wata abokiyar aiki ce ta riƙe mini hannu, ta je ta kashe babban makunnin lantarki. Da na watsa ruwan nan, ni lantarkin zai ja. Wutar mai ma haka take, ruwa fantsama ta yake yi. Ta miƙo mini tukunyar kashe gobara, na yi ta matsawa, shiru. Ashe akwai fil da ake zarewa tukuna. Da na zare, sai na auna saman harshen wutar, alhali gindinta ake nufa, ana kai bakin tukunyar dama da hagu. Ƙaramar tukunya cikin 'yan daƙiƙu take ƙarewa, ni kuwa rabi na zubar a iska kafin abokiyar aikin nan ta karɓe ta gama aikin.

Duk wannan a horon nan ake nunawa. Ku nemi a ba ku tukunyar ku gwada da hannunku, ku tambayi wacce ce ta lantarki, wacce ce ta mai.

Sai maganar hanyar fita, wadda ta fi tukunyar muhimmanci a ganina. A 1911 gobara ta tashi a masana'antar tufafi ta Triangle a birnin New York, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata, kuma ƙofar da aka kulle tana cikin abin da ya tare su. Don haka in kun ga an jibge kwalaye a bakin ƙofar gaggawa, ku kai magana, ko da za a ce kun cika iyayi.

Hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane, kuma sama yake tashi, sai ku duƙa ƙasa ku fita. Ku bi matakala, kada ku shiga lif. Waya da jaka su tsaya inda suke. Ku wuce wurin taruwa a kira sunanku, don in ba a gan ku ba, wani ɗan kwana-kwana zai kutsa cikin hayaƙi yana neman wanda tuni ya hau mota ya tafi gida.