Wasiƙa daga Ingila zuwa ga 'yan'uwa masu bi a Jos

'Yan'uwana na Tudun Wada, Farin Gada da Bukuru, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Yaya sanyin gida?

Zaman ƙasar nan ya nuna mini cewa da yawa daga abin da muke kira tsarki a gida, tsoron idon jama'a ne. A Jos, in saurayi ya tsaya da yarinya a lungu da dare, kafin ya kai gida dattijon ikilisiya ya ji. A nan ba mai tambayarka inda ka kwana. Kada kuma ku ce wannan damuwar mazauna Turai ce kawai, domin wayar da ke hannun ɗanku tana kai masa hotunan batsa har kan gadonsa, ba wanda ya sani.

Bulus ya gaya wa masu bi na Tasalonika cewa nufin Allah shi ne tsarkakewarsu (1 Tasalonikawa 4:3). Ga Korintiyawa kuwa, gudu ya ce su yi daga fasikanci (1 Korintiyawa 6:18). Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya fice. Dauda ya tsaya kallon matar Uriya daga kan soro, abin ya kai shi har ga zubar da jinin mijinta. Gudun yau shi ne kada waya ta kwana a gefen matashin kanka, ka kuma goge lambar nan da ka san inda take kai ka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke horo. Yarinyar da ciki ya bayyana a jikinta ita ake mayarwa bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji, sau da yawa wanda ya yi mata cikin yana nan cikin mawaƙa. Wane matashi ne zai ga haka ya buɗe baki ya faɗi abin da ke cinsa? Ba na cewa a daina horo. Amma Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu, Galatiyawa 6:1 kuma ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u.

Baba Fasto, ko a ikilisiyar ECWA kake ko a ta COCIN, da ku iyayenmu na Zumuntar Mata, ina roƙonku kowane matashi ya sami babba guda mai riƙon asiri, wanda zai saurare shi, su durƙusa tare, ya kuma sake nemansa bayan mako guda.

Ku gaishe mini da matasan FCS, zumuntar ɗalibai Kirista. Ku riƙa sa mu cikin addu'a.

Ɗan'uwanku cikin Almasihu,
daga Ingila