Ba na nuna gida sai na taka garin da ƙafata

Ofishinmu ƙarami ne, mu huɗu ne a ciki, kuma shekara 19 ke nan ina dillancin gidaje. Aikin da aka fi saninmu da shi shi ne nemo wa mai iyali gida a garin da bai sani ba. Wani aiki ne ya ɗauke shi, wani hayaniyar birni ce ta ishe shi, wani kuma abin hannunsa ne bai kai gidan cikin birni ba, sai ya ce mu duba masa garuruwan da ke kewaye. Duk wanda ya zauna gabana, kafin ya gama faɗin ɗaki nawa yake so, na tambaye shi 'ya'yansa nawa da shekarun kowanne, da ko akwai tsoho ko mai jinya a gidan. Ɗaki ana iya ƙarawa, rufi ana iya sakewa. Titin da ke ƙofar gida kuwa, da makarantar da ke nesa, da kwarin da ruwa ke taruwa, waɗannan yadda ka same su haka za ka zauna da su.

Wannan karatun a hannun maigidana na yi shi, Allah ya jiƙansa. Ina sabon shiga, na samo wani gida mai kyau, sabon fenti, farashi mai sauƙi, na zo masa da murna. Bai ce komai ba, ya bari sai da aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, da sassafe ya ce in zo mu je. Muna isa ya ce, “Ɗana, tsuguna.” Ya sa farce ya kankare fentin a gindin katanga, sai ga wani baƙin layi a miƙe, daidai gwiwa. Ya ce in bi gidajen da ke jere. Na bi huɗu, kowanne da layin nan a tsayi ɗaya, kuma kowace ƙofa an ɗaga mata dokin ƙofa da bulo biyu, har sai ka ɗaga ƙafa sosai za ka shiga. Na ce, “Maigida, ai masu gidan ba su faɗa ba.” Ya ce ba za su faɗa ba, amma bango ya faɗa, ruwa yana kwana a layin nan duk damina. Tun ranar, idan na shiga sabuwar unguwa, idona a ƙasa yake fara sauka: gansakuka a gindin bango, siminti mai kumbura, lambatu da yashi ya cike, da inda gangaren titi ya nufa.

Abin da ke ƙona min rai ke nan da dillalan waya na yanzu. Mutum bai taɓa kwana a gari ba, ya je da rani da tsakar rana, ya ɗauki hoton falo da banɗaki, ya sa a Facebook ya rubuta cewa unguwa ce mai kyau ga iyali. Da me ya sani? Bai ga wurin da ruwa ba, bai ga wurin da dare ba. Ya karɓi la'adarsa ya kashe waya, iyali su kwashe shekaru suna kwasar ruwa daga ɗaki.

Mu gari ɗaya sau uku muke zuwa masa kafin mu ambace shi ga kowa, kuma zuwan safe ya fi min kowanne muhimmanci. Ina tsayawa a ƙofar gidan da nake dubawa lokacin fitar 'yan makaranta, in taka zuwa makaranta a hankali, irin tafiyar ɗan shekara 6 da jaka a baya, ina duba agogo. Tafiyar da babba zai yi a minti 10, yaro sai ya kusa ninka ta. Ina ƙirga titi nawa za a tsallaka, da ko akwai gefen masu tafiya a ƙafa, da ko akwai tudun rage gudu, da irin motocin da ke bi. Wannan ba tsoro ba ne na banza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Ta kuma nuna cewa wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa ko ƙasa da haka, kusan tara cikin goma suna rayuwa, amma idan gudun ya kai 45, ko rabi ba sa kaiwa. Shi ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a 30 a wuraren da mutane da motoci ke cuɗanya. Saboda haka gida ko ya kai fada kyau, idan babban titin manyan motoci ne tsakaninsa da makaranta, ba na kai mai ƙananan yara.

A makarantar ma ba allon ƙofa nake karantawa ba. Ina tsayawa da iyayen da suka kawo yara, in tambaye su yara nawa ne a aji, da ko malamai suna daɗewa ko kowane zango sai an ga sabuwar fuska. Makarantar da malaminta ya koyar da yaya ya kuma koyar da ƙane, a nan hankalina ke kwanciya.

Zuwan dare na asibiti ne da na kunne. Asibitin da ke buɗe da rana kowa ya gan shi. Ni abin da nake son sani, ƙarfe biyun dare idan zazzaɓi ya rufe yaro ko naƙuda ta tashi, wa za a tarar, kuma minti nawa ne daga gida. Daga nan in dawo ƙofar gidan in kashe mota in saurara. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ita ce ƙarar motoci da dare kada ta wuce desibel 45 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), domin abin da ya haura haka yana ɓata barci. Akwai manhajar auna ƙara a wayata, amma sau da yawa kunne ya isa: injin wata masana'anta, gidan biki, tashar da ba ta barci. Hanci ma yana aiki, don da dare ne hayaƙin bola da na masana'anta ke kwantowa kan unguwa, ka gane ta ina iska ke kaɗowa.

Na yamma shi ne mai daɗi. Bayan an taso daga makaranta nake zagawa in ga ko yara suna waje. Garin da ka ga yara maza da mata suna wasa a fili, tsofaffi na zaune a inuwa suna kallonsu, an gaishe ka an kuma tambaye ka wa kake nema, to mutanen wurin sun san juna. Wasa ba abin rainawa ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta sa shi a sashe na 31, kuma tun 1996 UNICEF ke da shirin garuruwan da suka dace da yara. Ni dai tun kafin in ji labarin waɗannan, maigidana ya koya min in duba ko akwai ƙwallo a layi. Ina kuma tambayar mazauna shekara nawa suka yi a wurin, da yadda ruwan famfo da wuta suke, da inda matasan garin ke samun aiki. Unguwar da kowa ke shirin tashi, akwai dalili.

Takardun gida kuwa ba ma wasa da su, sai mun kai ofishin filaye an tabbatar kafin kuɗi ya motsa.

Duk wannan zirga-zirgar ce wasu ba sa gani idan an zo maganar la'ada. Mutum ya yarda zai biya kuɗin gida ba gardama, amma a kan hakkin wanda ya yi masa sati uku yana yawo sai ya ce ai wani yaro a intanet ya ce zai karɓi rabi. Nakan ce, “Yallaɓai, tambaye shi ko ya san minti nawa ne zuwa ɗakin haihuwa.” Araha ba ta ado. Wata baiwar Allah mai 'ya'ya uku ta taɓa tafiya wurin irinsu, bayan wata biyu ta dawo, an nuna mata gida babba a bakin hanya. Na ce, “Hajiya, gobe da safe ki zo da ƙaramin, mu taka tare.” Ba mu kai rabin hanya ba ta riƙe hannun yaron gam ta ce mu koma. Wanda ta saya a hannunmu ya fi wancan ƙanƙanta da ɗaki ɗaya, amma makaranta tana bayan layinsu, ba titi ko ɗaya a tsakani, kuma yanzu babbar ce ke raka ƙannenta.

Mai son mu yi masa aiki ya ba mu lokaci, aƙalla sati uku, in da hali ma ya bari damina ta sauka. Ranar zuwa ganin gida kuma ya zo da uwargida da yaran, kowa da takalmin da zai iya tafiya da shi, don a bakin unguwa muke ajiye mota.