Laraba: agon yana hucewa shi kaɗai

Da safe na buɗe sakamakon ayyuka takwas da na jefa wa babbar kwamfutar sashe jiya da dare, sai na tarar duk takwas ɗin ciwo ɗaya suke yi. Akwati ne na kwaikwayo a cikin kwamfuta, da ƙwayoyin zarra 864 na agon, wani sinadarin iskar gas, a cikinsa a sigarsa ta ruwa-ruwa, a rufe ruf, babu zafin da ke shiga kuma babu mai fita. A irin wannan akwati jimillar kuzari, wato na motsi haɗe da na jan juna, dole ta tsaya inda aka ajiye ta. Tawa kuwa gangara take yi. An fara a digiri 94.4 na ma'aunin Kelbin, bayan taku 200,000 na lissafi, kowane taku ɗan gajeren lokaci, zafin ya sauko ƙasa da 83.8, inda agon na gaske yake daskarewa. Ayyukan takwas ba su bambanta da komai ba sai gudun da aka raba wa ƙwayoyin tun farko, don haka ba tsautsayi ba ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Waɗannan alƙaluma ba ni na ƙago su ba. Na Aneesur Rahman ne, masanin fiziya ɗan Hyderabad ta Indiya, wanda a 1964 ya yi wannan lissafi a cibiyar bincike ta Argonne da ke Amurka, a kan kwamfutar CDC 3600. Ƙwaya 864, zafi 94.4, nauyi giram 1.374 a kowane santimita kubik. Me ya sa 864? Saboda ana fara jera ƙwayoyin ne kamar na daskararre, ɗakuna shida a tsawo, shida a faɗi, shida a tsayi, kowane ɗaki da ƙwaya huɗu: 4 sau 216. Duk ɗalibin da ya rubuta manhajarsa da hannunsa, a nan ya kamata ya fara gwada ta, domin an san amsar tun shekara sittin da suka wuce. Idan ba ta iya agon ba, babu dalilin yarda da ita a kan wani abu mai wuya.

Ƙa'idar da ƙwayoyin ke bi ita ce ta Lennard-Jones: daga nesa suna jan juna a hankali, idan suka matso sosai sai su ture juna da ƙarfi. Ma'auni biyu ne ke riƙe da ita, sigma, wato kaurin ƙwaya, nanomita 0.34 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), da efsilon, zurfin ramin jan, daidai da digiri 120 na Kelbin. Gefen akwatin sigma 10.23 ne. Takun lokaci 0.005 a ma'aunin agon, kusan femtosakan 11 ke nan (femtosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan). Hanyar tafiyar da su ta Verlet ce, a sigarta mai gudu: a ƙara wa gudu rabin taku, a matsa da ƙwaya taku guda, a sake lissafa ƙarfi, a ƙarasa ɗaya rabin. An san wannan hanya da abu ɗaya, kuzarinta yana rawa sama da ƙasa amma ba ya tafiya. To nawa ya tafi.

Wanda na fara tuhuma shi ne takun lokaci, kamar yadda kowa ke yi. Na raba shi biyu, ya koma 0.0025, na ninka yawan takun don tsawon lokacin ya zo ɗaya. Gangarar ta kusa ɓacewa. A nan ne tarkon yake, kuma saura ƙiris in faɗa. Kuskuren Verlet yana tafiya ne da murabba'in taku, wato idan an raba taku biyu, kuskure ya ragu sau huɗu. Rawar kuzarin ta bi wannan ƙa'ida, ta ragu kusan sau huɗu. Amma gangarar ta ragu fiye da sau goma. Sauƙin ya yi yawa. Maganin da ya yi aiki fiye da yadda lissafi ya ce zai yi, wani ciwo dabam ya taɓa ba da saninsa ba.

Abokin aikina na teburin kusa ya leƙo ya ce, “Malam, me ya sa kake wahalar da kanka? Ka sa masa na'urar daidaita zafi mana, ta riƙe shi a 94.4.” Gaskiya ne, da na sa ta Nosé da Hoover da zanen zafin ya miƙe sambal. Sai dai na'urar za ta riƙa zuba kuzari ne a tulun da ke yoyo, ni kuma ba zan ƙara ganin yoyon ba. Shi ya sa gwajin farko na kowace manhaja ake yin sa a akwati rufaffe, ba tare da ita ba. Jimillar kuzari ce kaɗai shaidar da nake da ita, ba zan toshe mata baki ba.

Na biyu a tuhuma ita ce iyakar yankewa. Ba a lissafa jan da ke tsakanin ƙwayoyin da suka wuce sigma 2.5 tsakaninsu, saboda ya yi rauni. Amma bai kai sifili ba, saura kusan 0.016 na efsilon, don haka idan ba a ɗaga ƙa'idar gaba ɗaya da wannan adadi ba, duk lokacin da ƙwaya ta tsallake iyakar sai kuzari ya yi ɗan tsalle. Na duba, na riga na ɗaga ta. Kuma ko da ban ɗaga ba, tsallen shiga da na fita suna biyan juna, hayaniya suke kawowa, ba gangara ba. Na wanke ta. Lambobin kuma duk masu ninkin daidaito ne, masu riƙe alƙaluma kusan 16, ba masu 7 ba, nan ma babu abin dubawa.

Wajen tsakar rana na yi abin da ya kamata in fara da shi. Manhajar tana rubuta kuzari ne sau ɗaya a kowane taku 100. Na sa ta rubuta a kowane taku, na tsawon taku 500 kawai, na zana. Ashe ba gangara ba ce, matakala ce. Layin yana tafiya a miƙe da 'yar rawarsa, sai ya faɗa ƙasa tashi ɗaya, ya sake miƙewa, ya sake faɗawa. Na ɗora yatsa a kan allon ina ƙirga inda yake faɗuwa: 50, 100, 150, 200. A duk manhajar abu ɗaya ne ke faruwa a kowane taku 50, sabunta jerin maƙwabta.

Wannan jeri dabarar Loup Verlet ce, masanin Faransa, a takardarsa ta 1967, shi ma da ƙwaya 864. Idan za a gwada kowace ƙwaya da kowace, tagwaye 372,816 ne a kowane taku, alhali waɗanda ke cikin sigma 2.5 na juna ba su wuce kusan 23,000 ba. Sai a rubuta wa kowace ƙwaya jerin na kusa da ita, a ƙara 'yar ratar ko-ta-kwana, a wajena sigma 0.3, wato duk wadda ke cikin sigma 2.8 ta shiga jeri. Tagwaye kusan 32,000 ke nan. Da wannan jeri ake aiki har a sabunta shi. Sharaɗin ɗaya ne: kada wata ƙwaya da ba ta cikin jeri ta cinye ratar nan ta shigo cikin 2.5 kafin sabuntawa.

Lissafin kuwa na bayan takarda ne. A wannan zafi matsakaiciyar ƙwaya tana tafiyar kusan sigma 0.008 a taku guda. A taku 50 za ta iya kusantar 0.4 idan ba ta ci karo da kowa ba, kuma idan biyu suka nufo juna ratar tana rufewa daga gefe biyu. Masu saurin cikinsu sun ninka haka fiye da sau biyu. Rata 0.3 ba ta isa ko kusa ba. Don in tabbatar, na rubuta ɗan gwaji mai bin dukkan tagwaye 372,816 a taku na 49, ya ƙirga waɗanda ke cikin 2.5 amma ba sa cikin jeri. Ɗaruruwa ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dalilin da ya sa kuskuren ke tafiya gefe ɗaya kullum. Ƙwayar da ta shigo a ɓoye ba ta samu ƙarin gudun da jan zai ba ta ba, tunda manhajar ba ta san da zuwanta ba. Da aka sabunta jeri sai ga ta tsulum a cikin rami, kuzarin jan ya ragu nan take ba tare da na motsi ya ƙaru ba. Amma idan ta tashi fita, tana cikin jeri, sai ta biya kuɗin hawa cif daga gudunta. Ta shigo ba a ba ta komai ba, ta fita an caje ta. Haka ake yi sau 4,000 a aiki guda, akwatin yana hucewa. Wannan ne kuma ya bayyana sauƙin safe: da na raba taku biyu, taku 50 ya zama rabin lokacin da, ƙwayoyin suka yi rabin tafiya, masu tsallake ratar suka ragu ƙwarai. Takun bai taɓa yin laifi ba.

Ita lamba 50 ɗin daga gwajin daskararren agon ta samo asali, a digiri 40, inda kowace ƙwaya ke karkarwa a gurbinta ba ta zuwa ko'ina. A can ta wadatar. Da aka narkar da shi babu wanda ya koma ya tambaye ta.

Gyaran layi goma sha wani abu ne. A ajiye matsayin kowace ƙwaya a lokacin da aka gina jeri. Bayan kowane taku a auna nisan da kowace ta yi daga nan. Da zarar mafi nisa ta wuce rabin rata, sigma 0.15, a sake gini. Rabi ne saboda mafi munin hali shi ne biyu su nufo juna kai tsaye. Gwajin farko ya fito da sabon shirme, jerin yana sabuntuwa kusan a kowane taku, aikin ya koma tafiyar hawainiya. Dalili: akwatin ba shi da bango, ƙwayar da ta fita ta dama takan shigo ta hagu, sai ma'aunina ya ga kamar ta yi tsallen sigma 10.23. Dole a riƙe matsayi iri biyu, naɗaɗɗe don lissafin ƙarfi, da warwararre wanda ba a mayar da shi cikin akwati, don auna tafiya. Bayan wannan, sabuntawa ta zauna a kusan kowane taku 8 zuwa 10. Aikin ya ɗan ƙara nauyi a kan na jiya, amma na jiya sauri ne na ƙarya.

Gwaji uku na yi kafin in yarda. Na farko, ƙirgar ɓoyayyun tagwaye ta koma sifili a duk inda na duba. Na biyu, na tafi taku 500, na juya alamar gudun kowace ƙwaya, na sake taku 500, duk suka koma gurbinsu na farko da bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sigma ba. Wannan gwaji ba ya yiwuwa a doguwar tafiya, domin ɗan kuskuren alƙalami na ƙarshe yana ninkuwa da sauri har hanyoyin biyu su rabu, kuma wannan halin ruwan ne, ba laifin manhaja ba. Na uku, na ba LAMMPS, sananniyar manhajar irin wannan kwaikwayo, matsayi da gudu iri ɗaya, kuzarin takun farko ya zo daidai da nawa. Ita LAMMPS, wadda aka gina a cibiyar Sandia, a ƙarshen kowane aiki takan rubuta sau nawa aka yi gini mai haɗari, wato sabunta jeri da wataƙila ta makara. Na sha ganin layin ina wucewa. Yau na ƙara irinsa a tawa manhajar.

Da yamma Farfesa ya shigo, na nuna masa matakalar da kuma miƙaƙƙen layin bayan gyara. Tambaya ɗaya ya yi: “Yaɗuwar fa?” Yana nufin saurin bazuwar ƙwayoyi a cikin ruwan. Ana samun ta ne daga dangantakar Einstein, matsakaicin murabba'in nisan da ƙwaya ta yi daidai yake da shida sau ma'aunin yaɗuwa sau lokaci. A nan ma warwararren matsayi ake amfani da shi, kuma ana zubar da fikosakan na farko (fikosakan ɗaya femtosakan dubu ne), lokacin da ƙwaya ke tafiya kamar harsashi kafin maƙwabta su tare ta. Rahman ya samu 2.43 × 10⁻⁵ na murabba'in santimita a sakan, wato a fikosakan 10 ƙwaya tana matsawa abin da ya ɗan ɗara kaurinta. Gajeren aikina na yau ya faɗo kusa da nan, amma aiki ɗaya ba ya ba da faɗin kuskure. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, sai takwas ɗin sun dawo.” Ya ce in rubuta lambar sigar manhajar a kan kowane sakamako, kada na jiya ya cakuɗe da na gobe.

Na kwashe na jiya zuwa wata jaka dabam mai suna “kada a taɓa”, na ajiye gyaran a Git, ma'ajiyar sigogin manhaja, da bayanin dalilinsa, na sake jefa ayyuka takwas a layin Slurm, manhajar da ke raba wa ayyuka lokaci a babbar kwamfutar. Har na tashi biyu ne suka fara, shida suna jira. Gobe da safe zan bi sakamakon daskararre na digiri 40 da gwajin ƙirgar nan, tunda shi ma da taku 50 aka yi shi.