Labarin Tagwaye Ya Tuna Mini Gida

Daren jiya na kammala karanta wani littafin Hausa a wayata, labarin Hassana da Hussaina, tagwayen da rigimar gado ta raba shekara da shekaru. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne marubuciyar ba ta gaggauta sasanta su ba, sai da Gambo, ƙanensu, ya yi ta zirga-zirga tsakanin gidajensu kafin Hussaina ta yarda ta taka ƙofar yayarta. Nan take na tuna Innata da abokiyar tagwaicinta, waɗanda ba su gaisa ba tun ina ƙarama. Bayan sallar asuba na kira Inna, na roƙe ta mu je Zariya ranar Juma'a. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Allah ya kai mu."